Amsoshin Tambayoyinku: Hayaƙin da aka binne, wa zai biya kuɗinsa?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku, daga nan Damagaram. Wasiƙu huɗu na ɗauko yau, kuma duka huɗun a rijiya ɗaya suke zura guga.

Ta farko daga Mirriya ta zo, daga wani malamin lakwal. A takardar da aka yago daga littafin lissafi ya rubuto, da jan biron gyaran aikin yara. Yana cewa: "Na ji wai Turawa suna ciniki da hayaƙi, har kuma suna binne shi a ƙasa. Wace irin kasuwa ce wannan, kuma ina binnewa ta shiga cikin ciniki?"

Mushe, sannu da aiki. Ba hayaƙin ake sayarwa ba, izinin sakinsa ake sayarwa. Kuma hayaƙin da ake nufi ba baƙin nan ba ne da ke sa hawaye a murhu. Iskar kabon ce, ba ta da launi, ita ce ke tasowa da kumfa in ka buɗe lemun kwalba. Duk inda aka ƙona kwal ko isansi ko gazuwal ko gas sai ta fita, ta taru a sama, ta riƙe zafin rana kamar bargo.

Ka ɗauka mai unguwa ya ga juji ya cika, ya ce bana baro 100 kawai za a zuba, kowane baro da tikitinsa, baɗi kuma tikiti 95 zai buga. Wanda ya rage shararsa sai tikiti ya yi masa saura, ya sayar wa maƙwabcin da sharar ta yi wa yawa. Tikiti na raguwa, kuɗinsa na hawa. Haka Tarayyar Turai ta yi tun 2005. Masana'antu wajen 10,000 ke ciki: tashoshin wuta, kamfanonin siminti da ƙarfe, matatun mai. Jiragen sama suka shigo a 2012, na ruwa a 2024. Takardar izini ɗaya tana daidai da tan ɗaya na iskar kabon. Kowace shekara kamfani zai kawo lissafin abin da ya saki, mai bincike na waje ya tabbatar, sannan ya miƙa takardu daidai lissafin. Wanda ya gaza, tarar da ba ta gaza yuro 100 ba a kan kowane tan tana jiransa, kuma tarar ba ta ɗauke masa bashin takardun.

To, sai wani mai gida ya ce shi ba ruwansa da juji, zai haƙa rami ya binne tasa sharar. Shi ma sai ya sayi tikiti? Amsar da Turai ta bayar a 2009 ita ce a'a. Iskar da aka kama a bakin bututun masana'anta, aka matse ta, aka kai ta wurin ajiya mai lasisi, aka tura ta cikin dutse don ta zauna har abada, doka tana lissafa ta kamar ba a sake ta ba. Ka lura da kyau, Mushe, don a nan mutane ke ruɗewa: ba lada aka ba shi ba, ba wata sabuwar takarda aka ƙara masa ba. Haraji ne ya faɗi daga wuyansa. Saboda haka mai kamfani lissafi ɗaya yake yi: binne tan guda ya fi arha, ko sayen takarda? A 2013 takardar ta faɗi ƙasa da yuro 5, wato ba ta kai jikka huɗu ba a kuɗinmu na sefa. Wa zai haƙa rijiya mai zurfin kilomita biyu don ya tsira da jikka huɗu? Shi ya sa dokar ta yi shekaru a kwance ba mai taɓa ta. A watan Fabrairu na 2023 kuwa takardar ta haura yuro 100, sama da jikka 65 ke nan. Nan ne injiniyoyi suka kakkaɓe ƙurar tsofaffin zane-zanensu.

Wasiƙa ta biyu daga unguwar Birni, daga wata Hajiya da ta ce jikarta ce ta rubuta mata. Ta tuna wani tafki a Kamaru da iska ta fito daga cikinsa ta kashe mutane suna barci. "In wannan da ake binnewa ta fito fa?"

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, tunaninki daidai yake. Tafkin Nyos ne, a watan Agusta na 1986, mutane sama da 1,700 suka rasu, ban da dabbobi. Iskar kabon ce kuwa, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa ta gangara kwari ta rufe ƙauyuka. Amma waccan a ruwa take narke, rana ɗaya ta yunƙuro gaba ɗaya. Wadda ake binnewa ba a kogo ake zuba ta ba. Ana tura ta ƙasa da mita 800, inda nauyin ƙasa ke matse ta har ta kusa zama ruwa, ta shiga ƴan ƙofofin dutsen yashi kamar yadda ruwa ke shiga sabon tulu. A samanta kuma sai an sami shimfiɗar dutse mai tauri da ba ya yoyo, shi ne murfi.

Amma ba zan ce miki murfi ba ya tsagewa ba, don maƙwabtanmu sun gani. A In Sala, cikin hamadar Aljeriya, an tura wajen tan miliyan 3.8 a ƙasa daga 2004. Tauraron ɗan Adam ya nuna ƙasar wurin tana ɗagawa kaɗan-kaɗan, milimita ƙalilan a shekara, masana suka ji tsoron kada matsin ya tsaga murfin, aka dakatar da aikin a 2011. Ba wanda ya mutu, ba gari da ya tashi. Darasin dai ya shiga littafi.

Dokar Turai ta ɗauki abin kamar amana. Kafin a tura ko tan ɗaya, sai kamfani ya ajiye jingina ta kuɗi. Yana sa ido, yana kai rahoto. In iskar ta yi yoyo, kowane tan da ya fita sai ya saye masa takarda, a farashin ranar da ya fita, ba na ranar da aka binne ba. Bayan an rufe rijiyar, nauyin yana wuyansa aƙalla shekara 20, sai in hukuma ta gamsu kafin nan. Daga nan gwamnati ta karɓi amanar, kamfanin ya bar mata kuɗin sa ido na aƙalla shekara 30. Ni a nan ne nake ɗaga gira, Hajiya. Shekara 20 da 30 ai 50 ne, ajiyar kuwa an ce ta dubban shekaru ce. Kamfani yana mutuwa, yana sauya suna, ana sayar da shi. Ƙarshenta jikokin mutanen can ne masu gadin ramin.

Ki kwantar da hankalinki dai game da Birni. Duwatsun nan da suka yi wa garinmu rawani, su ne kuma a ƙarƙashinmu, dutse ne dunƙulalle marar ƙofa. Abin da ya hana mu ruwan rijiya, ya sa sai daga wurare irin su Gogo da Arunguza ake jawo mana, ƴan garuwa suna cin kasuwa da bazara, shi ne ya sa ba mai sha'awar binne komi a nan. Wurin da bai riƙe ruwa ba, ba zai karɓi iska ba.

Ta uku gajeruwa ce, daga wani direban tankar mai da ke zaune Sabon Gari: "Matatar SORAZ za ta iya yin haka ta sami kuɗi?"

Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye hanya. Matatar mai ta SORAZ da ke nan jihar Damagaram tana aiki tun 2011, an gina ta don ganga 20,000 a rana, ɗanyen man yana zuwa ta bututu daga rijiyoyin Agadem da ke gabashin Nijar. Irin ƙasar da ta riƙe mai shekaru aru-aru, ita ce irin wadda ake nema don ajiya, saboda haka gabas ba ta rasa wuri ba. Abin da aka rasa shi ne dalili. Nijar ba ta da dokar tikitin nan, ba wanda ke biyan komi don ya saki iskar, kuma ba a gudun harajin da babu shi. A Afirka, Afirka ta Kudu ce ta sa harajin kabon tun 2019.

Duk inda ka ga an binne, ka duba za ka ga hannun kuɗi a baya. Norwe ta sa haraji a kan iskar a 1991, a 1996 aka fara tura ta ƙarƙashin teku a filin gas na Sleipner, da shirin kusan tan miliyan ɗaya a shekara. Amurka ba ta da kasuwar takardu ta ƙasa baki ɗaya, sai ta bi ta ɗaya ƙofar: dokar 2022 ta ba da rangwamen haraji na dala 85 a kan kowane tan da aka binne. Wani da bulala, wani da goro.

Sai dai ka san wani abu, tunda kai ɗan harkar mai ne. Mafi yawan iskar da ake kamawa a duniya, cikin tsofaffin rijiyoyin mai ake tura ta don ta koro sauran man da ya maƙale. A binne hayaƙi don a fito da abin da zai sake yin hayaƙi, ni dai na kasa kiran wannan tsarki. Inda na ga abin yana da hujja shi ne siminti. Farar ƙasar da ake gasawa, ita kanta ke fitar da fiye da rabin iskar, ko da wace irin wuta aka gasa ta, a Malbaza ne ko a Turai. Shi ya sa kamfanin siminti na Brevik a Norwe ya fara kama tasa a 2025, da shirin tan 400,000 a shekara, jirgin ruwa na ɗauka, ana binne ta mita 2,600 ƙarƙashin gindin teku. Duk da haka kada a cika baki: duk na'urorin duniya in an haɗa, abin da za su iya kamawa wajen tan miliyan 50 ne a shekara, abin da ake saki daga kwal da mai da gas kuwa ya kai wajen biliyan 37. Cokali ne ake kwasar tafki da shi.

Wasiƙar ƙarshe ita ta fi taɓa ni. Wani dattijo ne daga ƙasar Matamaye, ya ce gonarsa cike take da gawon da bai shuka ba, barinsu kawai ya yi suka tashi, ya yi ta yi musu sassabe. An ce masa itace yana shan wannan iska. "To ni ma binnewa nake yi, ina nawa rabon?"

Baba, ranka ya daɗe, gaskiyarka. Abin da ku manoman Damagaram da Maraɗi kuka yi tun shekarun 1980, masana sun ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, itace wajen miliyan 200, ba da injin kowa ba. Amma kasuwar Turai da na yi bayani ba ta karɓar itace. Ko lokacin da take karɓar takardun rage iskar da ake sayowa daga ƙasashen waje a ƙarƙashin yarjejeniyar sauyin yanayi ta Kyoto, ta ƙi na dazuzzuka, daga 2021 kuma ta rufe ƙofar takardun waje gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce gawo ana iya sare shi, wuta na iya cinye shi, iskar ta koma inda ta fito. Kai, ko iskar da na'ura ta zuƙo daga sararin sama ta binne, gyaran dokar na 2023 bai ba ta takarda ba, cewa aka yi a yi nazari tukuna.

Kasuwar da ta shafe ka daban take: ta kamfanonin da ke saye don ganin damarsu, da kuma ta sashe na 6 na yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ta 2015, wanda aka kammala ƙa'idojinsa a Baku a 2024. A can ana sayen aikin itace, amma ba gona ɗaya ɗaya ba, sai an haɗa ƙauyuka, an auna, an yi rajista, kuma masu aunawa da dillalai su ma da nasu kason. In wani ya zo da mota da takarda, Baba, kada ka dangwala yatsa ranar. A karanta maka ita da Hausa a gaban mai gari. Ka tambayi shekara nawa za a ɗaure gonar, nawa ke isowa hannunka a kan kowane tan, kuma in fari ya kashe itacen wa zai biya. Ka kuma tambaya ko za ka ci gaba da kakkaɓo wa tumakinka ƴaƴan gawo da rani, da sassabe reshe in inna tana bukatar itacen girki. In ya ce sai ya koma ya tambayo, ka ce masa ya gaida gida, kana nan.