Matar da ke Taje Gashi: Yadda Aka Fitar da Ita Daga Katako

Akwai wani hoton bugun katako na Japan mai suna Matar da ke Taje Gashi. Mace ce sanye da shuɗiyar rigar shan iska, ta juya kai gefe, tana taje dogon gashinta, hankalinta kuma ba ya kan mai kallo ko kaɗan. Hashiguchi Goyo ne ya zana shi a Tokyo a shekarar 1920, yana kuma cikin fitattun ayyukan salon da Japanawa ke kira shin-hanga, wato sabon bugun katako.

Abin da ido ba ya gani shi ne yawan hannuwan da suka taɓa shi. Mai zane yakan miƙa zanensa ga masassaƙi, wanda zai manna shi a kan allon icen ceri, ya bi da wuƙa yana cire duk wurin da ba a son tawada ta hau, har sai layukan kaɗai sun rage a tsaye. To, mu koma ga gashin matar: kowane sili da ke cikin hoton siririn tudun katako ne da aka sassaƙe gefensa biyu, kuma da wuƙar ta goce sau ɗaya, da silin ya tafi. A nan ne, a ganina, gwanintar take. Daga nan sai mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai mai suna baren, kowane launi da allonsa. Walƙiyar da ke bayan matar kuwa garin wani dutse ne mai sheƙi.

Mawallafi Watanabe Shozaburo ne ya farfaɗo da wannan tsari na haɗin gwiwa, shi ne kuma ya buga wa Goyo hoton mace a wurin wanka a 1915. Sau ɗaya kawai suka yi aiki tare, domin daga baya Goyo ya ɗauki masu sassaƙa da masu bugu nasa, yana duba aikin da kansa. Da yake ya koyi zanen Turai, mata na gaske yake zaunarwa a gabansa, shi ya sa kafaɗar matar take da nauyi irin na mai rai.

Goyo ya rasu a 1921. Bayan shekara biyu, girgizar ƙasar 1923 a Kanto, yankin da Tokyo take, da gobarar da ta biyo baya suka cinye shagon Watanabe da allunan da ke cikinsa.