Ruwan Kogin Kaduna da Kifin da Muke Ci: Da Cikin Wa Ake Awo?

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, ƴan uwa masunta da na gani can baya, sannunku da zuwa.

In hukuma za ta ce ga iyakar gubar da aka yarda ta kasance a cikin kogi, ba haka kawai take yanko lamba ba, lissafi ake yi, kuma a cikin lissafin nan akwai tambaya ɗaya da ita ce ta kawo ni yau: mutum yana cin kifi nawa a rana? Saboda shi kifi tara guba yake yi. Ruwan da za a auna a ce lafiya lau, ƙananan halittu sun tsotsi abin da ke ciki, ƙaramin kifi ya cinye su, giwan ruwa ko babbar tarwaɗa ta cinye ƙaramin, toh kafin ya iso tukunyarki Hajiya gubar ta ninka sau dubbai. Shi yasa ma'aunin ruwan sha daban, na kare mai cin kifi daban.

Ku dubi Minamata a ƙasar Japan. A 1956 aka gano cutar, kamfanin Chisso ne ke zubar da zaiba a teku, masunta da iyalansu suka yi ta cin kifin, hannu ya ɗauki rawa, magana ta sarƙe, aka haifi yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa alhali uwar ma kamar lafiyarta ƙalau. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, kuma Najeriya na ciki.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. A Amurka, a 1980, hukumar muhallinsu ta yi lissafi da giram 6.5 a rana, wato kamar mutum ya ci kifi sau ɗaya a wata kenan. A 2000 suka ɗaga zuwa 17.5. Amma ƙabilun asali da ke zaune bakin kogin Kolumbiya suka ce mu fa kifi ne abincinmu safe da yamma, wannan lamba ba mu take karewa ba, suka yi binciken abin da mutanensu ke ci, har jihar Oregon a 2011 ta koma giram 175. Ninki goma! Kuma in lambar cin kifi ta hau, dole iyakar gubar da aka yarda da ita ta sauka, kamfani ya ƙara tace ruwansa kafin ya sake shi.

Toh mu dawo gida. Ma'aikacin da ke sayen kifin kankara sau ɗaya a sati a kasuwar Gumi, da matar masunci a Kabala ko Nasarawa wadda abin da bai sayu ba shi za ta zuba a miya yau, gobe ma haka, tana da ciki tana goyo, in ka haɗa su ka raba biyu ka ce ga matsakaici, wallahi ka zalunci matar nan. Ni a ganina da cikinta ya kamata a yi awo, in ta tsira kowa ya tsira.

Kuma kogin nan namu yana karɓar kaya. Magudanan Kakuri da Makera, baƙin mai na kanikawa, maganin feshi daga gonakin fadama, ga zaibar da masu haƙar zinare ke amfani da ita a yankin Birnin Gwari. Sannan don Allah ƴan uwa masunta, masu zuba maganin ƙwarin nan gamalin a ruwa kifi ya taso, ku ji tsoron Allah, ƴaƴanku ne farkon masu ci. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, kafin a gane wasu cewa suke zazzaɓi ne.

Wata baiwar Allah ta tambaye ni ko banda ko suya na kashe gubar. A'a. Zaiba a cikin tsoka take, wuta ba ta fitar da ita. Maganin ƙwari ne yafi taruwa a kitse da fata, shi in kin cire fata da kayan ciki kin rage. Kuma ban ce a daina cin kifi ba fa, yaro na buƙatarsa, mai ciki na buƙatarsa, sai dai ta fi karkata ga karfasa da ƙananan kifaye, ta rage manyan da ke cin ƴan uwansu.

Doka akwai ta. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, ta fitar da ƙa'idojin ingancin ruwan koguna da tafkuna da na ƙarƙashin ƙasa a 2011, jihar Kaduna kuma tana da tata hukumar kare muhalli, KEPA. Abin da nake roƙo shi ne a shiga unguwannin bakin kogi da sikeli, a tambayi matan da ke girki kifi nawa ke shiga tukunya a sati, damina da rani, a sayi kifin daga hannun masunci a kai ɗakin gwaji a auna tsokarsa, ba ruwa kaɗai ba, daga nan har Shiroro. Sakamakon kuma a karanta shi da Hausa a rediyo, a faɗi wane kifi, daga wane wuri. Sarkin ruwa na nan zaune, shi ya san inda kowa ke jefa taru, da shi za a fara.

Masu tambaya bismillah, a miƙa wa Baba abin magana.