Kibod Mai Launin Madara da Huluna Masu Kala: Yadda Za Ka Haɗa Shi da Araha a Sakkwato

Assalamu alaikum, jama'a. Yau maganar kibod za mu yi, irin mai ƙas-ƙas ɗin nan da ake kira mechanical, wanda kowane madanni yake da nasa suwic da sifirin a ƙasa. Kuma mai launin madara muke so, kalar kwamfutocin ofis na da, irin Model M da kamfanin IBM ya fitar a 1985. Kalar ta dawo yayi, shi ya sa wasu kamfanoni ke tsawwala mata kuɗi.

To ga abin da nake so ka riƙe tun yanzu: kada ka wahalar da kanka neman kibod da aka ƙera da launin madara. In ka kalli kibod daga sama, kusan duk abin da idonka ke gani hulunan madannai ne, wato robobin saman da aka rubuta wa haruffa, jikin ɗan siriri ne a gefe. Sayi mai araha fari ko ruwan toka, ka cire hulunansa, ka sa masa na launin madara. Shi ke nan, ka samu kalar.

Me ya sa hakan ke yiwuwa? Cire hula ɗaya ka dubi suwic ɗin da ke ƙarƙashinta da kyau. Ka ga kansa kamar alamar tarawa a lissafi? Tsarin Cherry MX ke nan, na kamfanin Cherry da ke Jamus, tun shekarun 1980. Da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, sai kamfanonin Sin irin su Gateron, Kailh da Outemu suka shiga yin irinsa da arha. Yau kibod ɗin Redragon, Royal Kludge ko Aula, kusan duk kan suwic ɗinsu iri ɗaya ne, hular wannan tana shiga wancan.

Idan ka shiga shagunan kwamfuta a cikin gari, ka yi hattara. Akwai masu fitilu kala-kala da aka rubuta musu kalmar mechanical a kwali, alhali shimfiɗar roba ce a ciki. Ka ce wa mai shago, Alhaji, a cire min hula ɗaya in gani. In babu wannan alamar tarawar, ka ajiye masa kayansa. Haka tsofaffin kibod na Balgiyam da ake zubawa a tebur: kalarsu ta yi, amma yawancinsu roba ce, wasu ma da tsohon soket mai zagaye na PS/2 suke, wanda laftof ɗinka ba ta da shi.

Kalar suwic kuwa: ja yana sauka sumul, ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa zai ji, shuɗi shi ne mai ƙara. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke kwana ɗaki ɗaya da mutane, don Allah ka bar shuɗin nan, kada a kore ka da tsakar dare.

Yanzu huluna, nan ne kuɗinka ya kamata ya tafi. Roba iri biyu ce, ABS da PBT. ABS ta fi arha, amma da yatsa ya daɗe a kanta sai ta fara sheƙi, kuma hasken rana yana mayar da mai haskenta rawaya. Ka san ranar Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, hannu yana gumi. PBT ta fi jurewa, tana da ɗan kaushi, ba ta saurin sheƙi. Sannan ka duba yadda aka sa haruffan. Wanda aka buga a sama kawai, gogewa yake yi. Nemi wanda aka rubuta wa dye-sub, inda zafi ke shigar da tawada cikin robar kanta, ko double-shot, inda harafin wata roba ce daban da aka zuba. Ga wani daɗi: dye-sub ya fi kama roba mai haske da rubutu mai duhu, don haka saitin launin madara na PBT yana da yawa kuma ba ya cikin masu tsada.

Ni a ganina kada a cika kala. Bar haruffa a launin madara, ka sa ja a Esc, kore ko ruwan goro a Enter. Saiti da yawa suna zuwa da waɗannan 'yan ƙarin a ciki.

Inda mutane ke asara shi ne girma. Cikakken kibod na tsarin Amurka, ANSI, madannai 104 ne, Enter ɗinsa a kwance. Na Turai, ISO, 105 ne, Enter ɗinsa dogo ne a tsaye. Akwai mai 87 wanda babu ɓangaren lambobi, akwai ƙarami mai 61. Masu girman 65 da 75 cikin ɗari na cikakken kibod suna da gajeren Shift na dama, 1.75u (1u shi ne faɗin madannin harafi ɗaya), kuma ba kowane saiti ke da shi ba. Dogon madannin tazara kuma yawanci 6.25u ne. Kafin ka biya a Jumia ko AliExpress, ko ka aika ɗan uwa Farm Centre a Kano, buɗe hoton saitin ka gwada da kibod ɗinka ɗaya bayan ɗaya.

Masu tambayar ƙ, ɗ da ɓ: hula ba ta kawo su. A Windows za ka ƙara tsarin rubutun Hausa.

Saura ƙura. Da hunturu ya shigo, ƙura tana shiga suwic, sai ka danna harafi ɗaya ya fito biyu. Saboda haka nemi kibod da aka rubuta wa hot-swap, wanda za ka zare suwic ɗin da ya lalace ka sa sabo ba tare da ka je wurin mai gyaran rediyo ba. Sai dai wasu masu arha ramin nasu ƙafar Outemu kawai yake karɓa, ka tambaya tukuna. In ka tashi daga aiki ka rufe shi da ƙyalle. Hulunan kuma ka cire su ka jiƙa a ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka bar su su bushe sarai a inuwa kafin ka mayar.