Amsoshin Tambayoyinku: Tallafin Malaman Tattalin Arziki a Tsoffin Ƙasashen Gurguzu

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙu sun taru yau, lokaci kuwa ƙalilan ne, sai mu shiga kai tsaye.

Ta farko daga Agadez, wani ɗan'uwa yana son sanin yaushe Tarayyar Sobiyat ta wargaje. A watan Disamban 1991 ne, kuma ƙasashe 15 suka fito daga cikinta. Ka ce musu kuke yi a majalisa, to in kai ka ci, a aiko mana da goronmu.

Sai wadda ta fi yawan masu tambaya. Wani malamin jami'a daga Zariya, da wata ɗaliba daga Maraɗi, da wasu daga Kumasi, duk abu ɗaya suka tambaya: sun ji ana ba malaman tattalin arziki tallafi don su koyar da ɗaliban digirin farko a tsoffin ƙasashen gurguzu. Me ya kawo haka, mutanen da suka harba kumbo sararin samaniya?

To, a lissafi da kimiyya gwanaye ne. Matsalar tana fannin tattalin arziki. A zamanin gurguzu hukuma ce ke yanka farashin burodi da takalmi, ita ke cewa masana'anta kaza ta ƙera kaza cikin shekara biyar. Abin da ake koyarwa a aji ke nan, tare da aƙidar Karl Marx. Da Rasha ta saki farashi a Janairun 1992, hauhawar farashi ta haura kashi 2,000 cikin ɗari a shekarar. Ga bankuna, ga kasuwa ta buɗe, amma malamin da ke gaban allo bai taɓa karanta yadda kasuwa ke yanka farashi da kanta ba. Ku fahimce ni da kyau: littafi ana iya fassara shi cikin shekara guda, samar da wanda zai koyar da shi ne ke cin lokaci.

Muna tare da Dakta, malamin tattalin arziki. Dakta, yaya tallafin yake?

"To, Malam, ai kafin a je nan sai an san layi. Akwai masanin nan ɗan Hangari, János Kornai, da ya rubuta littafi a 1980 kan ƙarancin kaya a ƙasashen gurguzu. Kuɗi na aljihunka, kanti kuwa wayam. Mutum ya ga layi sai ya shiga tukuna, sannan ya tambayi abin da ake sayarwa. Namu ma da suka je karatu Mosko a zamanin da Sobiyat ke gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, ka tambaye su..."

Dakta, a gafarce ni, tallafin dai.

"Yauwa. A 1991 aka kafa cibiyar nazarin tattalin arziki ta CERGE-EI a birnin Prague, haɗin gwiwar Jami'ar Charles da Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Czech, tana ba da digirin digirgir irin na Amurka. Aka yi irinta a Mosko a 1992, a Tbilisi ta Jojiya a 2006. Sai aka ga wanda ya gama ba ya komawa aji, don albashin jami'a ba ya riƙe gida, banki ko Turai ta Yamma su ɗauke shi. Shi ne a 2007 gidauniyar cibiyar ta fito da wannan shiri. Ana ba matashin malami ƙarin kuɗi a kan albashinsa, a horar da shi dabarun koyarwa, ya je jami'a a irin su Armeniya ko Kazakistan ya koyar da 'yan digirin farko."

Kun dai ji. Kuɗi, da horo kan koyarwar kanta, kuma 'yan digirin farko ake nufi. Ni wannan na ƙarshen ya fi burge ni, domin yawancin waɗanda za su zauna a ma'aikatar kuɗi ko su riƙe reshen banki, daga digirin farko suke tsayawa. Malaminmu na Zariya, na san ka fi ni sanin yadda ake barin aji ɗaya a hannun wanda aka ɗauka aiki jiya.

Wani daga Garwa yana tambaya ko zai iya nema. Ayya, ɗan'uwa, an yi shi ne don koyarwa a jami'o'in waɗancan ƙasashe. Kuma don Allah a daina turo mana takardun shaidar karatu, mu gidan rediyo ne, ba ma raba tallafi.

Hajiya daga Kano, tambayarki kan kuɗin Yuro ta iso, amma ga mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Da ita za mu buɗe mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Dakta, mun gode.