Majalisar Birni da Magajin Gari: Wa Ke Riƙe da Linzami?

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Maganarmu ta yau a kan majalisar birni ce, wato zaɓaɓɓun wakilan da aka ɗora wa aikin sa ido a kan magajin gari. Zan yi misali da Landan, don a can an raba abin a fili: magajin gari da zaɓensa, majalisa da nata.

Dokar da ta kafa tsarin an yi ta ne a 1999, aka yi zaɓen farko a 2000. Wakilan su 25 ne, 14 daga mazaɓu, 11 kuma na birnin gaba ɗaya. Ba su ke tafiyar da sufuri ko gidaje ko hukumar kashe gobara ba, wannan duk a hannun magajin gari yake. Nasu bincike ne da tambaya.

To, mu zo kan kuɗi, don nan gizo ke saƙar. Magajin gari ne ke tsara kasafin kuɗi ya kawo wa majalisa. Tana da ikon gyara shi, amma sai kashi biyu bisa uku sun yarda. Ku yi lissafi da ni. In kowa ya zo ya jefa ƙuri'a, sai an sami mutum 17. Ke nan mutum 9 kacal suka tsaya bayan magajin gari, kasafinsa ya wuce yadda ya kawo shi, ko da sauran 16 ɗin sun ƙi. A zaɓen 2024, jam'iyyar Leba ta magajin gari Sadiq Khan ta sami kujeru 11. Kun ga an gama magana tun kafin a zauna. A 2011 an ƙara wa majalisar ikon watsi da manyan tsare-tsaren magajin gari, amma da wannan sharaɗin dai na biyu bisa uku. Ni a ganina shingen nan ya yi tsawo. Masu kare shi suna cewa mutumin da birni duka ya zaɓa bai kamata 'yan tsiraru su ɗaure masa hannu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma mutum 16 cikin 25 ai ba tsiraru ba ne.

Ina ƙarfinta yake ke nan? A tambaya. Sau goma a shekara dole magajin gari ya zauna gabansu a bainar jama'a ya amsa. Suna kuma da ikon aika sammaci, su ce a kawo takardu, kuma ƙin amsawa laifi ne a doka. Kada ku raina wannan. Akwai wata gada da aka so ginawa a kan kogin Thames, a shuka itatuwa da furanni a kanta, zamanin da Boris Johnson ke magajin gari. Aka kashe sama da fam miliyan 50, yawancinsu kuɗin jama'a, aka soke aikin a 2017 ba a gina komai ba. Daga baya majalisa ta yi wa Johnson sammaci. Lokacin ya bar kujerar, yana ministan harkokin waje, amma sai da ya zo a 2018 ya zauna aka yi ta yi masa tambayoyi. Kuɗin bai dawo ba, na sani. Amma wanda ya sa hannu da yadda aka ba da kwangila, duk sun shiga rubuce, kowa na iya karantawa.

Wani zai ce, to ba za su iya tsige shi ba? A Landan ba su da wannan iko. A Japan kuwa akwai shi: in kashi biyu bisa uku na wakilai sun halarta, uku bisa huɗunsu suka ce sun yanke ƙauna da magajin gari ko gwamna, to ko dai ya rushe majalisar cikin kwana 10 a sake zaɓe, ko ya sauka. Wakili kan yi tunani sosai kafin ya ɗaga hannu, don kujerarsa ma tana cikin haɗari. A Yunin 2016, gwamnan Tokyo, Yoichi Masuzoe, da ake zargi da kashe kuɗin siyasa a hidimar kansa, bai ma jira an jefa ƙuri'ar ba, ya ajiye aiki.