Takin Ruwa da Ƙananan Itatuwa a Lambun Reno

Assalamu alaikum. Jama'a, na baya kuna ji na ko? To, madalla.

Maganarmu a yau kan takin gargajiya na ruwa ce, wato wanda ake ɗaure kashin shanu ko na kaji a buhu, a tsoma a duro cike da ruwa, a bar shi ya tsimu kamar mako 2, ana motsawa lokaci-lokaci. Abin da ya sa masu reno ke son sa shi ne naitirojin da fotasiyam ɗin da ke cikinsa, wato sinadaran da shuka ke ci, sun riga sun narke, saiwa na samu take sha, ba sai ta jira taki ya ruɓe a cikin leda ba.

Amma kada a yi gaggawa. Tsiron da ya fito jiya abincinsa na cikin ƙwayar irin da ya fito daga ciki. Ku jira sai ganyensa na ainihi, wato wanda ke biyo bayan ganyen farko na ƙwayar irin, ya ɓullo, sannan a fara, kuma a sirka sosai, kamar gwangwani 1 na tsimin a gwangwani 10 na ruwa. Kashin kaji ya fi zafi, a ƙara masa ruwa. In ya yi ƙarfi za ku ga bakin ganye ya ƙone ya yi ja-ja, tsiro na yaushi alhali ƙasar a jiƙe take, domin gishirin takin ya hana saiwa jan ruwa. A gindi ake zubawa, bayan an yi ban ruwa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Mutum zai ɗauko leda yana murna, wai dubi yadda ya yi tsawo, ganye shar. Ni tsawo ba ya burge ni. Naitirojin in ya yi yawa sama yake tura tsiro, kara ya yi siriri ya yi laushi, saiwa kuwa a bar ta a baya. Ranar da aka dasa shi a fili, rana ta buɗe, ganye mai yawa na neman ruwa, saiwa 'yar mitsitsiya ta kasa kawowa. Ku sa yatsu biyu ku taɓa wuyan tsiron daidai inda ya fito daga ƙasa. Kaurin nan ya fi tsawo nuna wanda zai rayu. Ku yaga leda ɗaya ma, ku ga ko fararen saiwoyi sun riƙe ƙasar.

Itatuwa dangin wake, irin su gawo da bagaruwa, suna da ƙululai a saiwa masu samar musu naitirojin daga iska. Kuka cika musu taki, ƙululan ba za su yi yawa ba.

Wani ya ɗaga hannu yana tambayar yaushe ake dainawa. Saura 'yan makonni a yi dashe, a tsayar da takin, a rage ban ruwa, a janye inuwa kaɗan-kaɗan har kara ya yi tauri.