Yini Guda a Cikin Jirgin Rotterdam, Tsohon da Ya Tsira Daga Hannun 'Yan Gwangwan

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau na fito da sassafe cikin iska mai sanyi, na sauka daga jirgin ƙasa a tashar Rijnhaven, na taka da ƙafa har ƙarshen unguwar Katendrecht da ke kudancin birnin Rotterdam na ƙasar Holan, domin in nuna muku wannan katafaren jirgin ruwa mai launin toka da kuke hangowa a bayana. Sunansa sunan garin ne, Rotterdam. Tsawonsa mita 228, wato ya ɗara filin ƙwallo biyu in an jera su, kuma shekarunsa sun haura sittin. Yanzu otel ne, an ɗaure shi a bakin ruwa ba ya zuwa ko'ina. Na daɗe ina wucewa ta gefensa ban taɓa shiga ba, har sai da na lura cewa kusan duk tsararrakinsa an yayyanka su an sayar da ƙarfensu, shi kuwa ga shi tsaye. Abin da ya kawo ni ke nan: me ya sa wannan ya tsira?

Sai mun ɗan koma baya kafin mu hau. A ranar 14 ga Mayu 1940 jiragen saman yaƙin Jamus suka yi wa tsakiyar wannan birni ruwan bama-bamai har ya zama toka, kuma a faɗan da aka gwabza cikin waɗannan kwanaki ne kamfanin Holland America Line, wanda tun 1873 yake jigilar mutane zuwa Amurka, ya yi asarar babban jirginsa Statendam, wanda ya ƙone a inda yake ɗaure. Saboda haka lokacin da aka aza harsashin wannan jirgi a watan Disamba 1956, a ma'aikatar ƙera jirage ta RDM da ke nan bakin kogin Maas, mutanen gari ba su ɗauke shi a matsayin hajar kamfani kawai ba. Sun ɗauke shi shaidar cewa gari ya farfaɗo. Sarauniya Juliana ce ta raɗa masa suna aka zura shi cikin ruwa ranar 13 ga Satumba 1958, sannan ranar 3 ga Satumba 1959 ya tashi tafiyarsa ta farko zuwa New York, da 'yarta Gimbiya Beatrix a cikin fasinjoji. Ya isa ranar 11 ga wata.

Ku riƙe waɗannan ranaku, domin a tsakaninsu wani abu ya faru da ya rushe lissafin kowa. Makonni shida kacal bayan an zura jirgin a ruwa, a ƙarshen Oktoba 1958, kamfanin Pan Am ya fara jigila daga New York zuwa Faris da jirgin sama samfurin Boeing 707. Tekun Atlantika da wannan jirgi yake shafe fiye da mako kafin ya ƙetare, in an haɗa da yada zango a Le Havre da Southampton, sai ga shi mutum ya yi kalaci a wata nahiya ya ci tuwon dare a wata. Tun kafin a gama shafa masa fenti, sana'ar da aka ƙera shi dominta ta fara mutuwa.

Bari in ɗaga kyamara sama ku ga abin da ya fara jawo ce-ce-ku-ce a kansa. A wancan zamani, kwarjinin jirgin fasinja yana ga katon bututun hayaƙin da ke tsakiyarsa, wanda ake yi wa fenti da launin kamfani. Wannan ba shi da shi. Abin da ke gare shi su ne waɗancan siraran bututu guda biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa can wajen baya. Masu ra'ayin riƙau sun ga abin a matsayin muni, amma dalilinsa mai ƙarfi ne: an matsar da injuna zuwa baya, sai tsakiyar jirgi, inda ya fi faɗi kuma ya fi rashin tangaɗi, ya zama na fasinja, hayaƙi kuma ya daina zuba a kan masu shan iska. Shekara biyu bayan haka jirgin Canberra na Ingila ya fito da irin wannan fasali.

To, mun shigo ciki, kuma nan ne nake so mu daɗe, domin a ganina amsar tambayata tana kan wannan matakala da nake tsaye a gindinta. Jiragen da suka gabace shi ana raba su ne a tsaye, kamar yadda ake yanka burodi: masu kuɗi a tsakiya, masu ƙaramin ƙarfi a gaba ko a baya kusa da ƙarar inji, kowane ɓangare da bangonsa na ƙarfe. Jirgin da aka gina haka, ranar da aka ce a haɗe fasinjoji wuri guda, sai an rushe rabin cikinsa. Masu zanen wannan jirgi sai suka raba shi a kwance, hawa-hawa. Babban aji yana da hawa guda sukutum na falo-falo tun daga gaba har baya, ƙaramin aji shi ma yana da nasa hawan sukutum a ƙarƙashi. Matsalar da ta rage ita ce yadda mutanen aji biyu za su riƙa hawa da sauka ba tare da sun cakuɗa ba, tunda hawansu a sarƙe suke.

Ga maganin da suka samo. Abin da ido yake gani kamar matakala ɗaya, a gaskiya biyu ne da suka giciye juna kamar almakashi a cikin rami guda. Dabarar an aro ta ne daga fadar Chambord ta ƙasar Faransa, inda akwai tsohuwar matakala mai irin wannan siffa. Na gwada da kaina ɗazu: na hau ta wannan hannu, wani dattijo daga cikin masu aikin sa-kai da ke zagayawa da baƙi ya hau ta ɗaya hannun, ina jin takun takalminsa a saman kaina, amma ba mu haɗu ba sai da muka fito. Da ya ga na tsaya ina waige-waige sai ya yi dariya, ya nuna mini inda allunan da ake zugewa suke a da. In jirgi zai ƙetare teku da aji biyu, sai a zuge su a rufe. In kuwa yawon shaƙatawa za a fita, sai a buɗe, jirgi ya koma aji ɗaya, ba tare da an ɗauko guduma ba. Ko ɗakunan cin abinci guda biyu da ke ƙasa kusan tagwaye ne wajen girma da ado, ta yadda ranar da aka haɗe fasinjoji babu wanda zai ce an kai shi ɗakin talakawa.

Wannan ya nuna mini cewa waɗanda suka ba da kwangilar jirgin ba su yarda da ɗorewar kasuwarsu ba, kuma wannan rashin yarda shi ne ya cece shi. Faransawa sun ƙera jirginsu France ya fara aiki a 1962, ya fi wannan tsawo da gudu nesa ba kusa ba, amma a 1974 aka ajiye shi da gwamnati ta janye tallafi, kuma sai da aka yi masa gagarumar kwaskwarima kafin ya dawo da sunan Norway a matsayin jirgin shaƙatawa. Ƙarshensa bakin tekun Alang ne a Indiya, inda ake fasa jirage. Jirgin United States na Amurkawa, wanda babu jirgin fasinja da ya kai shi gudu wajen ƙetare Atlantika, tun 1969 bai sake ɗaukar fasinja ba. Mu ma a Afirka ta Yamma wannan guguwa ta taɓa mu, domin jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ɗalibai da ma'aikata da yawa suka hau tsakanin Legas da Ingila tun daga 1951, a 1974 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a wannan hanya.

Shi kuwa Rotterdam, tun 1961 ya fara zagayen duniya a lokacin hunturu, lokacin da tekun Atlantika ke hauka kuma fasinja ke ƙaranci. Irin wannan tafiya takan ɗauki kusan wata uku, kuma akwai attajiran Amurka da suka mai da ita al'ada, duk shekara sai sun dawo. A 1969 aka cire shi gaba ɗaya daga jigilar yau da kullum zuwa New York, ya zama jirgin yawon shaƙatawa zalla. Sauyin bai tsaya ga hanyar da yake bi ba. A farkon shekarun 1970 kamfanin ya fara ɗaukar ma'aikata daga Indonesiya, daga baya kuma daga Filifin, saboda albashin Turawa ya yi masa nauyi, aka mayar da rajistar jirgin tsibirin Curaçao, aka sauya launin jikinsa daga toka zuwa shuɗi mai duhu. Da rani yana Alaska, da sanyi yana tekun Karibiyan. Fasinjan da ya hau shi a 1959 yana da inda za shi. Na bayan 1969 kuwa jirgin ne kansa inda ya zo, kuma a tashar da ya hau a nan zai sauka.

Wannan falo da muka shigo shi ne wanda a da ake kira Ritz Carlton, mai hawa biyu, da matakalarsa mai lanƙwasa da katon zanen da ya rufe bango. Ku dubi katakon nan da nake shafawa. Ba roba ba ce da aka yi wa zanen itace kamar yadda ake yi a jiragen yanzu, itace ne na gaske da hannaye suka goge har ya yi santsi. Sai dai wannan kyau shi ne ya zame masa laifi. A 1989 kamfanin Carnival ya sayi Holland America Line, kuma da sabbin dokokin kariya daga gobara a teku suka zo fara aiki a 1997, masu shi suka ce gyaran da ake bukata ya fi ƙarfin abin da zai samar. A ƙarshen Satumba 1997 ya sauke fasinjojinsa na ƙarshe a ƙarƙashin kamfanin da ya haife shi, a Fort Lauderdale ta jihar Fulorida.

Kamfanin Premier Cruises ya saye shi ya yi masa gyaran da aka ce ba zai yiwu ba, ya sauya masa suna zuwa Rembrandt. Shekara uku aka yi ana haka. A watan Satumba 2000 kamfanin ya karye, aka sauke fasinjoji a Halifax ta ƙasar Kanada tafiya ba ta ƙare ba, daga nan aka kai jirgin Freeport ta tsibiran Bahamas aka ɗaure. Jirgin da ya kai wannan matsayi yana da shekara arba'in, galibi abin da ke jiransa shi ne 'yan gwangwan.

Abin da ya biyo baya dogon labari ne mai cike da rigima, zan taƙaita shi. Mutanen Holan masu ƙaunarsa sun yi ta fafutuka har aka sayo shi, aka ja shi zuwa Jibralta a 2004, daga can zuwa Cádiz ta Sifaniya, sai Gdańsk ta Polan, sai Wilhelmshaven ta Jamus. Babban abin da ya riƙa cin kuɗi shi ne asbesto, irin sinadarin da muka sani a tsofaffin silin, wanda aka cusa ko'ina a cikin jirgin don hana gobara, alhali ƙurarsa tana haddasa cutar daji. Ya dawo gida da launinsa na toka na asali ranar 4 ga Agusta 2008, aka buɗe shi ga jama'a a Fabrairu 2010. Wanda ya ɗauki nauyin aikin shi ne Woonbron, hukumar da aikinta na asali shi ne samar da gidajen haya ga masu ƙaramin ƙarfi. Kuɗin da aka kashe ya haura Yuro miliyan 200, amma a 2013 aka sayar da jirgin ga kamfanin otel na WestCord a kan abin da bai kai miliyan 30 ba, kuma batun ya shiga cikin binciken da majalisar dokokin ƙasar ta yi a 2014 kan hukumomin gidaje. Ni dai ina murna da jirgin ya rayu, amma a matsayina na ɗan haya a wannan ƙasa da samun gida ya zama jan aiki, ba zan ce kuɗin ya fito daga aljihun da ya dace ba.

Yanzu muna gangarowa can ƙasa, ƙarƙashin layin ruwa, inda fasinja ba ya zuwa a da. Ku yi haƙuri da rawar kyamara, tsanin ƙarfe ne mai tsayi kuma hannuna ɗaya yana riƙe da ƙarfen jingina. Warin tsohon baƙin mai yana nan bai gushe ba. Waɗancan su ne tukwanen tururi, guda huɗu, waɗanda suke dafa ruwa har tururinsa ya juya injuna, injuna su juya farfela biyu, jirgi mai nauyin rajista tan dubu 38 da ɗoriya ya riƙa tafiyar kusan kilomita 40 cikin sa'a. Haruffan SS da ake sakawa gaban sunansa tururin nan suke nufi. Agogunan auna ƙarfin tururi suna jere a bango, allurar kowanne ta kwanta a kan sifiri, ga kuma na'urar tagulla mai hannu wadda kyaftin yake aiko da umarni ta cikinta daga ɗakin tuƙi, a ƙara wuta ko a rage ko a ja da baya. Dattijon nan da muka haɗu a matakala ya biyo ni har nan. Na ce masa, da Holancina da bai nuna ba, ko zai bar ni in taɓa hannun na'urar, sai ya ɗaga kai alamar izini. Na ɗora tafina a kai, tagullar ta yi sanyi ƙalau.

Daga nan zan hau can saman bene, inda ake hango tsohon ginin hedikwatar kamfanin a Wilhelminapier, wanda shi ma tuni ya zama otel mai suna New York. Ƙaramin kwalekwalen haya da ke kai mutane can yana tsayawa a gindin jirgin nan, kuma shi nake so in hau kafin hadarin da ke tasowa daga yamma ya sauko.